Kwana Tara Ba Murya

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata Dada, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Haka ake yi a gidajenmu na cikin Yola. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta raine ni. In Dada na son wani abu a wurina, sai ta juya ga duk wanda ke kusa ta ce, "A gaya wa waccan ta kawo ruwa."

Shekarar da na gama sakandare na fara koyarwa a wata firamare a Jimeta, a lokacin maƙoƙon da ke wuyana ya fito sosai. Kullum a gajiye nake. Ana zafin Maris, kowa na neman inuwa, ni ina lulluɓe da zane biyu. Daga baya ko tuwo sai da ruwa yake wucewa. Likita ya ce sai an yi aiki. Da ya ga ina jin Turanci, ya ƙara da cewa jijiyar murya tana manne da wurin, tana iya taɓuwa. Da Baba zai sa hannu a takarda ban fassara masa wannan ba. Amma ni na riƙe shi a raina. Malamar da ba ta da murya, wane aji za a ba ta?

Wata biyu ina shan ƙwayoyi, ana ɗibar jinina, ana ta ɗaga ranar. Saura kwana uku a yi aikin, sai 'yar Goggo ta haihu a ƙauye, dole Goggo ta tafi. Jinya ta faɗa kan Dada.

A asibiti, a gadon kusa da nawa akwai wata mai sayar da busasshen kifi a kasuwa, ta karye a ƙafa. Ita Dada ta samu.

"A tambayi waccan ko tana son matashi."

"Oho, ni na zama tafinta ke nan! Hajiya, ga ki ga 'yarki, sai ni mai karyayyar ƙafa za a aika?" Sai ta juyo. "Malama, wai kina son filo?"

Bayan aikin na farka da bandeji a wuya da wata 'yar roba tana fitar da jini. Likita ya ce in ce "aa". Na buɗe baki, iska ce kawai ta fita. Ya ce a jira, wani lokaci tana dawowa. Na nemi takarda na rubuta abin da nake so, sai na tuna daga Dada har mai kifi ba mai karatun boko. Na daina. Na gaji da nuni ma, sai in juya wa bango fuska.

Rana ta tara da safe aka sallami mai kifi. Da hantsi Dada ta shigo da kwanon kunu, ta juya wajen gadon kamar kullum, ta tarar an naɗe katifa. Ta duba ƙofa, ba nas. Ta daɗe a tsaye har kunun ya yi fata. Sannan, idonta na kan kwanon, ta ce, "Za ki sha?"

Ban yi tunani ba. Na ce, "Zan sha."

Kamar an ja tsohon ƙyaure a ƙasa, haka muryar ta fito. Amma Dada ta ji. Ta ajiye kwanon ta fita da sauri, ina jinta a baranda tana cewa, "Waccan ta yi magana!"

Na koma aji bayan wata huɗu. Muryar tana kai ni ƙarfe goma, daga nan sai alli da allo. Ƙwaya kuma kullum, an ce har ƙarshen rai. Dada ta koma aiko mini saƙo ta bakin wasu kamar da.