Man da ya rage a kafiretocin Boeta Moegsien

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, Boeta Moegsien Behardien ya rasu a gidansa da ke unguwar Athlone bayan gajeruwar jinya, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Mowbray kafin la'asar, ana yayyafi.

Boeta, ni ne Ganief mai fenti, maƙwabcin garejinka, wanda kake cewa aikinsa ɓoye tsatsa ne. Tun muna da baƙin gashi bango ɗaya ya raba mu. Har yau idan na buɗe shagona sai in ji ƙaf-ƙaf ɗin famfon mai ta cikin bangon nan, in ajiye abin feshi in saurara, alhali na san garejin a kulle yake.

Duk wanda ya ɗora wa tsohuwar Datsun ko Escort kafireta biyu a unguwannin nan, wurinka yake ƙarewa. Kai ne mai jan bututu daga tanki zuwa famfo, daga famfo zuwa 'yar na'urar da ke rage wa mai ƙarfi, sannan ka raba hanyar gida biyu, tsayinsu ɗaya, nesa da zafin salansa. Kakan ce kafireta ba ta son a yi mata ɗure. Idan mai ya zo da ƙarfin da ya wuce kima, cika take yi ta tumbatsa, fetur ya sauka kan ƙarfe mai zafi. Shi ya sa ba ka sallamar mota sai ka kunna famfo injin na kashe, ka bi kowace mahaɗa da farin ƙyalle, ka kai hanci. Masu gaggawa su yi ta tsaki, kai ko a jikinka.

Ba na manta Lahadin da wani direban tasi ya tsaya da iyalinsa, motar na warin fetur. Ka sauke yaran, ka ba su koesister, fanken nan mai zaƙi da matarka Anti Galiema ta soya maka, ka kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa da kayan zuwa biki har ka canza masa tiyo. Anti ta yi mako tana mitar wandon nan.

Sai gobarar Faldie ta zo. Matashi ne mai son gudu, kai ka haɗa masa hanyar mai. Motar ta kama da wuta a filin tsere, aka ciro shi da rai, amma hannayensa biyu sun tafi da tabon da ba zai goge ba. Kafin a rufe mako gari ya yanke maka hukunci: Boeta ya tsufa, idonsa ya mutu, ya bar mahaɗa a kwance. Mutanen da ka koya wa riƙe sifana suka riƙa wuce ƙofarka suna kallon wancan gefen titi. Na yi fushi, kuma har yanzu ban huce ba. Na ce ka fito ka kare kanka, ka ce mini, "Ganief, je ka shafa fentinka." Shekara biyu kana ɗauke da wannan suna, da shi muka binne ka.

A waɗannan shekarun mota ɗaya ka haɗa, ta 'yarka Shamiela, kuma ba ka kai ga tayar da ita ba. A ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci muna da al'ada: idan ɗayanmu ya rasu, ranar addu'ar bakwai sai a tayar da motar ƙarshe da ya haɗa, a kashe famfo, a bar injin ya shanye man da ya rage a kafireta har ya mutu da kansa. Idan aikin ya daidaita, lokaci ɗaya kafiretocin ke ƙafewa. Idan da mishkila, sai injin ya yi ta ɗingishi a gaban kowa.

Bayan an shafa fatiha aka turo motar bakin titi. Na ga manyan maza suna ja da baya, wani har ya ɗauko abin kashe gobara ya ɓoye a bayansa. Shugaban ƙungiya ya matso ya ce, "Anti, ko a bar abin nan? Ai an yi addu'a, ta wadatar."

"Wa aka taɓa bar wa nasa?" in ji ta. Ta je ta tsaya daf da injin, gefen mayafinta na taɓa ƙarfe. Shamiela ta shiga ta murɗa makulli. Ni ma na matsa, amma ba zan yi maka ƙarya ba, idona na kan abin kashe gobarar nan.

Motar ta tashi, Boeta. Muryarta sumul, ko ɗigo bai zuba ba. Shamiela ta kashe famfo, muka tsaya muna jin motarka tana shan ragowar manta. Da lokaci ya yi ba ta yi tari ba, ba ta yi ɗingishi ba, shiru kawai ta yi gaba ɗaya.

A cikin shirun nan Faldie ya fito daga bayan mutane. Ban ma san ya zo ba. Ya durƙusa gaban Anti Galiema, ya ce, "Anti, ni ne. Bayan na bar garejin na murɗa notin 'yar na'urar da ke rage wa mai ƙarfi, na ƙara wa man ƙarfi, wai don ta fi gudu. Ba laifin Boeta ba ne."

Ta daɗe tana kallon hannayensa. Sannan ta ce, "Tashi, ɗana. Ai ya sani. Ranar da aka jawo ƙonanniyar motar ya ga notin. Cewa ya yi wuta ta ci hannunka, ba zai bari bakin mutane ya ci sauran ba."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat. Kullum ina ganinka zaune a ƙofar garejin da babu kowa, kana amsa sallamar masu wucewa ko ba su yi ba, ashe da kalma ɗaya za ka wanke kanka ka ƙi faɗa. Waɗanda suka guje ka sun yi kuka ranar nan, amma kukan bai same ka ba. Ina kewarka, ina kuma jin haushin ka tafi ba ka ji an nemi gafararka ba.

Allah ya jiƙanka, Boeta Moegsien. Yadda ka rufa wa bawansa asiri, Allah ya rufa naka ranar tonon asiri, ya nisanta ka da wuta, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Galiema da Shamiela da dukkan zuriyar Behardien, Allah ya ba su haƙurin rashi. Faldie kuma Allah ya ba shi ƙarfin ɗaukar abin da ka bar masa. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ganief Toefy, Athlone