Babban Yatsan Yaya

Kowa a unguwar tudu Injiniya yake ce masa, alhali bai taɓa leƙa ajin da ake koyar da injiniyanci ba. Mai gyaran famfo ne. Yana da tsohon babur, da jakar da sifanu suka huda wa gindi, da wando mai gwiwoyin da ba sa bushewa. In famfonka ya fara ɗiga shi za ka kira. Zai durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya yi ta yi wa bututu magana kamar mai lallashin akuya, kafin ya miƙe ɗigar ta tsaya.

Sunan kuwa Ciyaman ne ya laƙaba masa. Ciyaman ya daɗe da barin kujerar ciyaman ya hau waɗanda suka fi ta, amma sunan ya bi shi. Ranar da ya zo buɗe ruwan unguwar tudu, famfon ya ƙi kawowa a gaban jama'a da masu ɗaukar hoto. Wani siririn saurayi mai ɗauko wa ma'aikata kaya ya kwance kan famfon, ya hura, ya mayar. Ruwa ya feso har takalmin Ciyaman. Shi kuwa ya kama hannun saurayin ya ɗaga sama, ya ce a lasifika, "Ga injiniyanmu." Kafin ranar, sunansa "kai, zo nan".

Tun daga nan bai sake jin aibun Ciyaman ba, ko kuma yana ji yana sharewa. A bencin shagon kayan famfo, inda yake yini in babu aiki, sun mai da shi abin tsokana.

"Injiniya, an ce mutumin naka ya sayar da filin makaranta."

"Su waɗancan da suka zo kafinsa me suka bari? Shi ko ya ci, yana barin famfo."

"An ce ya zagi tsoffin ma'aikata a rediyo."

"Bakinsa ne haka. Cikinsa fari ne."

Mai shagon yakan ce, "Kai da ka shiga cikin nasa ka ɗaura bututu ai ka fi mu sani."

A yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora. Domin akwai abin da ya sani wanda masu bencin ba su sani ba. Wata shekara an kai shi bayan gari da wasu ma'aikata, aka nuna masa babban bututun da ke gangarawa unguwar kwari, aka ce ya fitar da reshe zuwa gonar Ciyaman. Reshen ya fi uwar kauri. Da hannunsa ya ɗaure shi, kuma ya ɗaure shi da kyau, don bai iya aikin banza ba. Daga watan nan famfunan unguwar kwari suka koma tari da huci.

A unguwar kwarin nan Yaya take, babbar yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekara da shekaru ta yi tana jan jarkoki, har bayanta ya lanƙwashe. Duk ƙarshen mako Injiniya yakan ɗaura jarkoki a babur ya kai mata ruwa daga gidansa, ta yi ta sa masa albarka. Ita kaɗai ce ba ta ce masa Injiniya. Auta take ce masa, ga furfura har a girarsa.

Da zaɓen bana ya matso, yanar ido ta riga ta rufe wa Yaya gani, sai dai ta ga haske da inuwa. Ta aika aka kira shi.

"Auta, kai za ka raka ni. An ce mai lalurar ido yana iya shiga da wanda ya yarda da shi."

"To, Yaya."

"Malamar nan zan zaɓa, mai takara da mutumin naka. Ba don na san ta ba. Na dai gaji da jin famfo yana yi mini gyatsa. Za ka sa yatsana inda na ce?"

"Haba, Yaya."

"Ba haba na tambaye ka ba."

Ya ce zai sa. A hanyar gida har ya yanke wa kansa cewa bana shi ma zai bi Yaya. Ya isa haka. Mutum ba zai yi ta wanke abin da ba ya wankuwa ba.

Ranar zaɓe ya ɗauko ta a babur, tana riƙe da rigarsa tana yi masa faɗa a kan kowane rami. A makarantar da ake zaɓen aka ba ta kujera, sannan aka shigar da su gaban layi. Malamin zaɓe ya miƙa takarda, suka shiga bayan ɗan allon da aka kare. Injiniya ya kama babban yatsanta ya taɓa tawada. Yatsan ya yi kanta, duk aikin hannun jarka.

Ga alamar Ciyaman a sama, ga ta malamar a ƙasanta, tsakaninsu bai kai faɗin sifana ba. Babu mai gani. Ita kanta mai yatsan ba ta gani. Abin da ya ba shi tsoro shi ne yadda tunanin ya zo masa a sauƙaƙe, kamar ya daɗe yana jira a bakin ƙofa.

"Hannunka rawa yake yi," in ji Yaya a hankali.

"Babur ne."

Ya sauke yatsan a kan alamar malamar, ya danna sosai, ya hura don kada tawadar ta ɓata. Ya kai ta ta jefa da kanta.

Sai aka zo kansa. Ya tsaya shi kaɗai da takardarsa, ya tuna reshen nan, ya tuna bayan Yaya. Ya kuma tuna masu benci. In ya juya yau, duk musun da ya sha na shekaru ya zama shirme ke nan, kuma wanda ya ɗaga hannunsa a gaban jama'a ya zama ɓarawo kawai, shi kuma yaron ɓarawo. Kafin ya gama tunanin, yatsansa ya riga ya je inda ya saba zuwa.

A waje ya tarar da ita a inuwa tana goge tawada da gefen mayafi.

"Ka sa ni inda na ce?"

"Na sa ki, Yaya. Wallahi na sa ki."

"Kai fa?"

Ya sunkuya yana duba tayar babur, wadda babu abin da ya same ta.

"To," ta ce. "Ka goge tawa ƙuri'ar ke nan. Da mun sani mun yi zamanmu a gida, ni na huta da ramuka, kai ka huta da mai."

Ya yi ƙoƙarin dariya. Ya taimaka mata ta hau, ta gyara zama, ta kama rigarsa. Sun kusa gangaren unguwar kwari kafin ta sake magana, ba da faɗa ba, kamar mai zancen cefane.

"Na yarda da kai, Auta. Amma wani zaɓen, in muna da rai, 'yata ce za ta raka ni. Kada in riƙa wahalar da kai."

Ya buɗe baki zai sake rantsewa, sai ya ga babu abin da zai nuna mata. Takardar tana cikin akwati tare da dubbai irinta. Ya ce, "To, Yaya," ya rage gudu saboda ramin da ke gaba.