Iyakar Inda Hannun Gwaggo Ya Kai

Madawa zuwa Buza

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, don direba ya rantse mini cewa kafin rana ta fito mun bar gari. Rana ta fito har ta yi zafi muna nan, wai ana jiran mutum biyu da tunkiya. Ni kuwa hankalina ba a kwance yake ba. Saƙo aka yi mini daga ƙauyenmu da ke gaba da Garhanga, cewa soron da kakanmu ya gina ya tsage, ga damina ta ƙarato, kuma Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifina, har yanzu a ciki take kwana.

A shingen jandarma aka sauke mu duka aka duba katin shaida. Na tambayi direba a haka sai yaushe. Ya ce, "Alhaji, in sauri kake, ga hanya nan, tahi da ƙahwa." Na haɗiye fushina. A Buza na ci shinkafa da wake a tsaye.

Garhanga da ƙauye

Daga nan babur ɗin kabu-kabu na hau, muka yi ta karo da duwatsu har ƙuguna ya sage. Bayan la'asar na hango soron. Ƙasar rufi ta zaizaye, azara ta fito fili, indararo ɗaya ya karye. A ƙofa kuwa allon ƙarfe na tsaye, fentinsa ƙal.

Shekarun baya wasu ma'aikata suka zo daga birni, suka auna soron, suka ɗauki hotuna, suka ce ya shiga cikin gine-ginen tarihi, kada a taɓa shi sai da izini. Har murna muka yi. Alhali kafin nan duk bazara gayya ake kira: maza su kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa, a yi yaɓe, a sha fura. Tunda aka kafa allon nan ba a sake kira ba.

Na je na gaida maigari. Na ce, "Ranka shi daɗe, mi ya hana yaɓe?"

Ya ce, "Ai na gwamnati ne yanzu. Munka aika neman izini, anka ce mu jira."

"To in ya hwaɗi fa?"

"In ya hwaɗi, Allah ne. In munka taɓa, mu ne."

Na nemi magina, na ce aikin a wuyana. Suka dubi allo, suka dube ni, kowa ya tuna yana da sharar gona.

Da na zagaya baya sai na ga sabon yaɓe ya kewaye ginin, daga ƙasa zuwa daidai kafaɗata, da sawun yatsu a jiki. Gwaggo ce ke yi, ƙwarya-ƙwarya. Na ce, "Gwaggo, ba ki ji an hana ba?"

Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, Illa ɗana. Ubana ya gina shi."

Na yi roƙo, na yi faɗa, a kan ta yarda ta biyo ni Madawa. Ta ce in ta fita wa zai tare yoyo. A zauren na kwana ina kallon tsagar, raina a ɓace.

Komawa

Washegari na bi ofis-ofis neman izini. Mai sa hannu ya yi tafiya, mataimakinsa ya ba ni kujera da haƙuri. Na biyo motar albasa na iso gida da magariba hannu wofi.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Da hantsi maigari ya bugo mini waya: rufin ya rufta. Gwaggo ta tsira, don ta fita da sanda tana zungurar indararo. Na tambayi abin da ya rage. Ya ce katanga, iyakar inda hannunta ya kai, sai allo, ko kwarzane bai yi ba.

Na gode wa Allah da ya bar mana tsohuwa, na gode wa maƙwabtan da suka ba ta ɗaki. Izinin dai har yau muna jira.