Ajin Sifaniyanci, Ni da Surukina

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, na taɓa zama ɗalibin Sifaniyanci. Duk wanda na gaya wa sai ya yi dariya, don in ka gan ni ba za ka ce na taɓa wuce Kwanar Dangora ba, balle a yi zancen Sifaniya. Ni ma ba sha'awa ce ta kai ni ba, neman tuwo ne. Har yau in na tuna watannin nan sai in ji gajiyarsu ta dawo mini a kafaɗa.

Wanda ya samo mini aikin shi ne shugaban sashenmu, inda ake kankare fata a daidaita kaurinta. Ya ɗauke ni ina saurayi, ya koya mini aiki da hannunsa. Daga baya na ga 'yarsa, ita ma ta gan ni, ya ba ni ita ba tare da ja-in-ja ba. Daga ranar da aka ɗaura aure zamanmu ya canza. Mutumin da a da muke hira har da dariya ya koma wanda in na hango shi nake cire takalmi in durƙusa. Sunansa bai ƙara fitowa daga bakina ba, sai Baba. Shi ma in yana da umarni sai ya ba wani ya gaya mini, alhali ga ni a tsaye ina ji. In lokacin cin abinci ya yi sai in ɗauki kwanona in zaga bayan sito. Haka muka yi shekaru, kuma babu wanda abin ya dama.

Wata rana manaja ya tara mu ya ce an sayo sabon inji daga Sifaniya, wanda zai yi aikin sashenmu gaba ɗaya. Injiniyoyin da za su zo su kafa shi Turancinsu bai taka kara ya karya ba, saboda haka kamfani zai tura wasu ma'aikata su koyi farkon harshensu a wata kwaleji da ke wajen Bompai. Daga sashenmu mutum biyu aka zaɓa, ni da Baba. Sai da ya gama sannan ya faɗi mai ɗacin: injin mutum ɗaya yake buƙata. Wanda ya fi cin jarrabawa a cikinmu shi zai zauna a kansa, ɗayan kuma a sallame shi tare da sauran 'yan sashen. In kuma duka mun faɗi, a ɗauko daga wani sashen.

Ni ina da mata da yara biyu, ina zaman haya a Panshekara. Baba yana da gida cike da ƙannen matata, wasu suna makaranta, wasu ana shirin aurar da su, ga shi shekaru sun ja, ba kamfanin da zai ɗauke shi sabo. Kowa a sashen ya yi wannan lissafin a ransa, ba wanda ya furta.

Karatun da yamma ake yi. Mu shiga aiki da sassafe, mu wuni a tsaye cikin warin ɗanyar fata da sinadari, a tashi, mu watsa ruwa a gurguje mu kama hanyar Bompai. Wanda ya san Kano ya san wannan ƙetare gari ne sukutum. Warin jima kuwa ba ya jin sabulu. Kana shiga Adaidaita za ka ga na kusa da kai ya juya fuska waje kamar yana kallon wani abu mai muhimmanci. Ga cunkoso, ga manyan motoci sun tare hanya, ga yunwa. Ni kuma da wani ƙarin nauyin da na ɗora wa kaina, don ba zan iya zama kafaɗa da kafaɗa da surukina a kujera ɗaya ba. Sai in laɓe a bakin ƙofar kamfani har ya hau ya tafi, sannan in nemi wata. Kullum a makare nake shiga aji, kullum sai malami ya dubi agogo ya dube ni.

Malamin namu ɗan Kudu ne da ya yi karatu a Kyuba, mutum mai fara'a da son aikinsa, amma Hausarsa ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Bai daɗe ba ya lura ina saurin kamawa, dattijon nan mai farin gemu kuma yana fama. Cikin kyakkyawar niyya ya ce daga yau mu biyu ne abokan karatu, ni zan riƙa jan sa. Abokan aikinmu da ke ajin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Baba bai ce komai ba. Tunda bai ce ba, ni wa ya aike ni in riga shi magana?

Abin da ban sani ba shi ne, farkon koyon harshe gaba ɗaya tambayoyin rashin kunya ne. Dubi abokinka ka tambaye shi sunansa. Tambaye shi shekarunsa. 'Ya'yansa nawa, me ya ci da safe, ƙarfe nawa yake kwanciya. In ya yi kuskure ka gyara masa da ƙarfi kowa ya ji. Ranar da aka zo darasin iyali, malami ya ce kowa ya siffanta wa abokinsa matarsa, doguwa ce ko gajera, kyakkyawa ce, me ya fi so game da ita. Na ce fitsari ya matse ni. Na fita na zauna a gindin wata darbejiya har aka tashi, sauro na ta cizona.

Wani abokina ya ce in je in yi wa malamin bayani mana ya raba mu. Na taɓa tashi har na kai bakin ofishinsa, sai na tsaya. In Baba ya ji na nemi a raba ni da shi, me zai ɗauka? Zai ce na ga yana ja da ni baya ne, na gudu. Na juya na koma.

Haka muka riƙa zama a benci ɗaya da ratar mutum guda a tsakaninmu, ni ina kallon littafina, shi yana kallon nasa. In malami ya iso kanmu sai mu yi gunaguni ƙasa-ƙasa, ya wuce yana girgiza kai. Wani lokaci barci ya sace ni, in farka a firgice, ba don malamin ba, don kada a ce na yi gyangyaɗi a gaban surukina.

Duk da haka karatun yana shiga. A hanya nake bita, a bakin inji nake bita, har matata ta ce ina sambatu da shi a barci. Ita ce kuma take kawo mini labarin gidansu. Ta ce Baba ya sayi tabarau, yana rubuta kalmomin da ajami don ya fi gane su a haka, yana zama a tsakar gida yana maimaitawa yara na yi masa dariya, shi kuma yana ce musu gemu ba ya hana ilimi. Ita dariya take yi tana ba ni labari. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na ga mutumin da ya ba ni sana'a ya ba ni mata, yana wahala da tsufansa don kada ya rasa abincinsa, kuma ni ne zan karɓe.

Sau ɗaya ta tambaye ni ko ta yi masa magana, a san yadda za a yi tsakaninmu. Na ce kul, wannan ba maganar mata ba ce. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Jarrabawar ƙarshe ta baki ce, ita ke da kaso mafi yawa. Abokan karatu biyu za su zauna gaban malami su yi hira, ɗaya mai sayar da kaya a kasuwa, ɗaya mai saye: a gaisa, a tambayi suna, a yi ciniki, a yi sallama. Na haddace ɓangarena da nasa duka. Amma tun a cikin Adaidaita na yanke shawara. Ni yaro ne, ko dako zan iya yi. Zan bar shi ya fara, in yi ta inda-inda a bayansa, ya fi ni maki, shi ke nan.

Aka kira mu. Malami ya ce Baba ne mai kaya, shi zai fara. Na sunkuyar da kai ina jira. Shiru. Fanka na ta juyawa a sama. Malami ya sake cewa a fara, ya ɗan tuna masa kalmar farko. Baba ya gyara hula ya ce, da ɗan Turancinsa na kamfani, ya manta.

Ban shirya wa wannan ba. Malami ya juyo gare ni ya ce to ni in fara, in tambaye shi sunansa kawai, daga nan magana za ta zo. Kalmomin suna kan harshena. Amma na ga in na buɗe baki yanzu, ga dattijo a zaune ya kasa, ni kuma ina zuba kamar rediyo, to na tozarta shi a gaban baƙo kuma na kore shi daga aiki da bakina. Na ce ni ma na manta.

Bawan Allahn nan ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce ya san na iya, ya sha jin ina amsawa a aji. Muka yi masa zuru kamar waɗanda aka kawo gaban alƙali. Daga ƙarshe ya ajiye biro ya ce mu tafi.

Duka muka faɗi. Aka ba wani yaro daga sashen rini injin. Da wata ya ƙare aka rufe sashenmu, aka sallame mu rana ɗaya. Ba tsuntsu, ba tarko.

Ranar sallamar na laɓe a bakin ƙofa yadda na saba, ina jira ya tafi. Bai hau komai ba. Ya waiwayo ya yafuto ni da hannu, abin da rabonsa da yi tun kafin aurena. Muka kama hanyar Panshekara a ƙafa, yana gaba ina binsa a baya, manyan motoci na wuce mu. Muka yi nisa. Can sai na ji ya fara magana, ba tare da ya juyo ba. Sifaniyanci yake yi. Ya gaida mai saye, ya tambayi sunansa, ya faɗi kuɗin tumatir, ya ƙi ragi, ya sallama, ya yi godiya. Harshen a karye yake irin na tsoho, amma ko kalma ɗaya bai tsallake ba.

Na tsaya cak a kan hanya. Shi ma ya tsaya.

"Na iya," ya ce. "Shiru na yi don ka wuce. 'Yata da jikokina a hannunka suke. Kai kuma shirun me ka yi?"

Na durƙusa a gefen titi, na ce, "Allah ya huci zuciyarku, Baba." Iyakar abin da ya iya fita ke nan. Ya ce in tashi, rana na yi.

Da na gaya wa matata ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ku biyu kun gama kunyar junanku, mu kuma sai mu sha kunu ba sukari." Haka kuwa aka yi. Na daɗe ina yawon neman aiki daga Bompai zuwa Sharaɗa, ƙofa zuwa ƙofa, kafin in samu a wani kamfanin roba, inda nake har yanzu. Baba bai sake shiga kamfani ba. Ya kafa ɗan tebur a ƙofar gidansa yana sayar da gawayi da ashana, auren ƙannen matata kuma aka yi ta ɗagawa.

Hausawa suna cewa kunyar mara kunya asara ce. Mu tamu ta masu kunya ce, daga ni har shi, amma asarar ba ta tambayi wannan ba. Ban ce kunya ba ta da kyau ba, da ita aka raine ni, kuma da ita nake rainon 'ya'yana. Abin da na gane shi ne, in za ka yi wa mutum alheri, to ka tabbata ya san kana miƙo masa, don kada shi ma ya zamana miƙo maka yake yi, abin ya faɗi a tsakaninku. Magana ɗaya ta bakin ɗan aike da ta ishe mu. Da ɗayanmu ya zauna a kan injin nan ya riƙe gida biyu.

Sifaniyancin ya zube, ɗan abin da ya rage ba zai sayo mini ko ruwa ba. Fushi ma ba na yi, gajiya ce kawai take sauko mini in na tuna. Duk Juma'a ina zuwa gaishe shi, in cire takalmi, in durƙusa nesa da teburin gawayin, ya tambayi yara, in ce suna gaishe ku. Tambayar da ya yi mini a kan hanyar Panshekara har yau ban amsa ba, shi ma bai sake yi ba.