Kafaɗar Togarepi

Ni dai na tsani watan Agusta, kuma ba don komai ba sai don yayana Togarepi. Da watan ya kama iska take tashi a tafkin Mutirikwi, ta wuni tana kaɗa ruwa kamar an aiko ta. Kowa na neman lungu ya fake, su kuwa masu kamun kifin bas lokacin ne suke cika mana masauki, daga Harare, daga Bulawayo, har da masu tsallako iyaka.

Wai idan iska ta kora ƙananan kifaye gaɓar da igiyar ruwa ke duka, manyan bas suna biyo su cikin matattun itatuwan da ruwa ya shanye. Can baƙo yake so a kai shi ya jefa fatsa. Inji kuma da an isa sai a kashe shi, ƙararsa tana korar kifin. To wa zai riƙe kwale-kwale wuri ɗaya, iska na tura shi kan kututture? Togarepi Mudzingwa, da filafili ɗaya da kafaɗu biyu. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Ni a ɗakin girki nake, shekara ashirin ina tuƙa musu sadza, tuwonmu na masara. Abin da ke ba ni haushi har gobe, kifin nan ba cinsa suke yi ba. A sha wahala a kamo shi, a auna, a ɗauki hoto, wani har ya sumbaci bakinsa, sannan a mayar da shi ruwa. Mu kuma mu koma bayan masauki mu ci matemba, 'yan busassun kifayen nan. Na taɓa yi wa Togarepi ƙorafi, ya ce, "Shuvai, in suka cinye, gobe wa zan kai su su kamo?"

Haka yake, ba ya fushi, ba ya doguwar magana. Tun da ɗansa ya rasu ya kwaso matar ɗan da 'ya'yanta biyu ya zuba a ɗakunan ma'aikata, waɗanda ba a ba kowa sai mai aiki. Ranar da ya ajiye filafili, ranar za su ɗaure kayansu.

Bara kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo. Bana kuwa abin ya kai ba ya iya ɗaga hannu ya taɓa ƙeyarsa. Ni kaɗai na sani, ni nake gasa masa ita da tsumma da ruwan zafi kafin ya fita.

Na ce, "Yaya, ka gaya wa Manaja mana. Ko share fili ne ya ba ka."

Ya ce, "Masu sharar uku ne, ganyen ma bai ishe su ba. Ke dai danna nan."

Sauran jiragen duk an sa musu wani ɗan injin lantarki marar ƙara, mai riƙe jirgi da kansa, ko yaro ya iya danna shi. Nasa ne kawai aka bari da filafili, don tsofaffin baƙi shi suke tambaya da suna. Manaja kuwa kowa ya san dalilin sallamarsa kawai yake jira.

Ran wata Asabar iska ta tashi tun hantsi, har tana fige mini wanki daga igiya. Ya fita da Dakta Chikwanha, wani likitan haƙori daga Harare da ya yi shekara goma sha biyu yana zuwa, yana neman wani ƙaton bas da ya ce ya taɓa gani sau ɗaya. Ya kamata su kai la'asar. Rana ba ta raba tsaka ba sai ga su, Dakta ne riƙe da inji, Togarepi na zaune ya rungume hannunsa a cinya. Na ɗauki tiren shayi na nufi baranda, ko ba a nema ba.

Manaja ya tare su. "Lafiya, Dakta? Da wuri haka? Na ga gefen jirgi ya goge."

Dakta ya kalli Togarepi, ya kalli ƙasa, sannan ya yi dariya.

"Kai dai bari! Na kamo shi, Manaja, wanda nake ba ku labari kuna cewa ƙarya nake. Kansa kaɗai ya kai tulu. Dattijon nan naku yana ta ce mini kada mu shiga cikin itatuwan, na ƙi ji, na ce ya matsa. Zare ya naɗe reshe ya tsinke. Laifina ne. Tsohon nan naku dutse ne, ku riƙe shi da kyau."

Manaja ya ce to madalla, ya juya ga Togarepi: gobe ƙarfe shida akwai baƙi biyu, kuma an ce iskar za ta fi ta yau.

Na koma ɗakin girki ina gode wa Allah, ina sa wa Dakta albarka. Can sai ga Togarepi ya shigo ya zauna a kan buhun garin masara. Na zuba masa sadza da ganye, bai taɓa ba.

Na ce, "Ci mana. Ai ka tsallake."

Ya ce, "Bai ce in matsa ba. Hannun ne ya mutu. Filafili ya suɓuce ina kallo, iska ta kwashe mu ta maka a kututture. Kifin yana bakin jirgi, Shuvai, har na ga idonsa. Mutumin nan ya zauna kamar zai yi kuka."

"To ai shi ya sa na ce mutumin kirki ne! Ya rufa maka asiri, me kuma kake so?"

Ban taɓa ganin gajiya a fuskar mutum irin tasa ta ranar ba.

Ya ce, "Tun daga tsakiyar tafki har gaɓa addu'a nake yi ya faɗi gaskiya. In kora ta aka yi, zan iya kallon yaran nan in ce ba ni na kai su waje ba. Amma ni da bakina ba zan iya ba." Ya jawo kwanon da hannun hagu. "Ki tashe ni ƙarfe biyar."