Yaɓen Gwaggo

Gidan gwaggona, yayar mahaifinmu, shi ne na ƙarshe kafin kanal a ƙauyenmu na ƙasar Bunkure. Ruwan da ke shayar da shinkafa shi ke cin gindin katangarta, rani da damina. Ka sa yatsa, ƙasar ta zubo kamar garin tuwo. Ɗakin kwananta ma ya tsage daga sama har ƙasa, kana ciki kana hango mai wucewa.

Shekarar da ruwa ya yi ɓarna, mai unguwa ya sa aka yi shela: gwamnati za ta turo ma'aikata su duba gidajen marasa ƙarfi, wanda ya lalace a ɗaure masa gindi da bulo da siminti, a rufa masa kwano. Maƙwabta suka bar tsagar ɗakunansu a buɗe. Wani ma, Allah na tuba, da fartanya ya ƙara wa tasa faɗi.

Gwaggo kuwa abu ɗaya ta ji: baƙi za su shigo mata gida. Ta kwaso ƙaiƙayi daga injin casar shinkafa, ta cuɗa da laka, ta yi kwana biyu tana yaɓe. Na je na tarar da ita da taɓo har gwiwar hannu.

"Gwaggo, tsagar nan fa ita za su zo gani."

"Kai dai boko ya ɓata ka. Mutum ya taso tun daga Kano, ka nuna masa tsiraicinka? Miƙo min ƙwaryar nan."

Na miƙa mata. Har yau ina jin haushin kaina.

Da ma'aikatan suka zo, ta shimfiɗa musu tabarma, ta dama fura. Babbansu ya shafa bangon, ya ce da haka kowa yake kula da gidansa da sun huta. Ta yi ta murmushi. Suka yi godiya suka shiga gidan gaba.

Cikin watan Agusta, da rana tsaka tana gidan suna, ɗakin ya rufta. Ba wanda ya ji ciwo. Muka tono tukwanenta da akwati, muka kawo ta gidanmu, muka kwashe buhunan taki daga wani ɗaki muka ba ta. Tana nan har yanzu, ba ta kuma daina tambayar izini kafin ta ɗebi ruwa a randa ba.

Kwanaki na ce mata an ce ma'aikatan za su sake zagayowa, ko za mu je mu tsaya a kangon su gani da idonsu. Sai ta ce, "To, ka fara zuwa ka share wurin."