Mutum Dubu Uku da Goggona

Ana sallame sallar asuba muka bar Kalgo, ni da abokin aikina mai ƙaramar mota. Shi gonar albasarsa zai dubo a Gwandu, ni kuma Goggona zan gaisar, wadda ta rene ni, tana wani ƙauye bayan Masama. Rabona da ita tun bara, kuma an ce mini idanunta sun ƙara rauni.

Ku da kuke bina kun san ciwona: kartar foka a waya. Ba ta kuɗi nake yi ba, maki ne kawai da suna a allo, amma sunan nan ya kama ni da kyau. Kafin mu kai Birnin Kebbi na buɗe manhajar, na tarar da gasa biyu. Ɗaya ta mutum arba'in da biyar, ɗaya ta wajen dubu uku. Abokina, wanda shi ma yana taɓawa, ya ce in shiga ƙaramar, awa ɗaya an watse. Na ce masa cin mutum arba'in ai ba labari ba ne. Na danna babbar.

Mun karya a bakin tasha da ƙosai da kunun gyaɗa. Ƙosan ya rame tun zuwana na ƙarshe, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Daga nan muka kama hanyar Ambursa. Titin ba laifi, sai wuraren da ruwan damina ya ci gefensa. Shanu suka tare mu wajen Dalijan, makiyayin yana tafe a hankali kamar shi ya gina titin, kuma babu wanda ya yi masa hon.

A nan na fara gane kurena. Babbar gasa ba gwaninta kaɗai take so ba, tana son yini guda, da caji, da sabis mai tsayawa. Kowane zagaye akwai kason dole da ake zare maka, ko ka buga ko ba ka buga ba. Wajen Kambaza sabis ya ɗauke, ina ɗaga waya ta taga, makina yana zubewa. Da ya dawo sai sa'a ta zo mini: hannu uku a jere na kwashe.

A Gwandu abokina ya shiga gonarsa, ni na zauna gindin dalbejiya ina fama. Masu ban ruwa suka kawo mana fura mai sanyi da nono mai kauri, irin wanda a Kalgo sai an yi sa'a. Har aka yi azahar muka yi salla, na dawo ban mutu a gasar ba. Lokacin da muka hau hanyar ƙauyen Goggo saura mu goma sha huɗu. Tara ne ke zama teburin ƙarshe, kuma ban taɓa ganinsa ba a irin wannan taro.

Abin da na manta shi ne gaisuwar Goggo. Ita ba ta gaisawa da baki kawai. Tun da ganinta ya ragu, hannuwanka biyu take kamawa ta riƙe, sannan ta bi gidanku mutum-mutum, daga babba har jariri, kowa da tambayarsa da addu'arsa. Ba a katse ta. Na durƙusa a tabarma, na zura wayar a aljihu, na miƙa mata hannu.

Tana kan matata wayar ta fara rawa, alamar layi ya zo kaina. Ta sake rawa Goggo tana kan ɗiyata ta fari, Hajara. Da ta yi ta uku Goggo ta tsaya.

“Ɗana, mi na na ka motsi cikin aljihunka? In kiran aiki na, ɗauka.”

Ta sassauta yatsunta. Da na zare hannu ɗaya ba za ta ce komai ba, kuma wannan ne ya sa na ji kunya ta rufe ni.

“Ba kowa ba ne, Goggo. Muna kan Hajara.”

Ta damƙe ta ci gaba. Har akuyar da ta ba ni shekara uku da suka wuce sai da ta tambaya. Da ta gama ta shafa kaina ta ce, “Bara ƙahwa ɗaya kag gaishe ni, ɗaya tana ƙohwa. Yau ka zauna.”

Muka ci tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, na ƙara har sau biyu. Sai a mota na duba: an fitar da ni a na goma sha ɗaya. Abokina ya yi ta dariya har Ambursa, ni ma ina taya shi.

Mun shigo Kalgo ana kiran magariba. Abin da na koyo, ga masu tambayata wace gasa ta fi: ka auna ta da yininka, ba da burinka ba. In kana da awa ɗaya da sabis mai yawo, ta mutum arba'in ta ishe ka, kuma a can ne ake yawan ɗanɗana nasara. Babbar ka bar wa ranar da babu mai jiran ka. Teburin ƙarshe na nan kowane mako. Hannun da ya riƙe ni ran nan kuwa ya fi na bara sanyi, kuma na ji hakan a tafina.